Turmi Biyu a Ƙarƙashin Motar Zaidu

Matso nan kusa, ka gyara zama, ka bar wayar nan a aljihu na ɗan lokaci. Labarin da zan ba ka babu aljani a cikinsa, babu basarake. Wani direba ne da tsohuwar motarsa, da wata mata da ta fi shi baki nesa ba kusa ba. Idan ka taɓa bin hanyar Wara zuwa Yelwa ranar kasuwa, na tabbata ka wuce shi a hanya, domin shi kowa wuce shi yake yi.

Zaidu ke nan. Ya ba shekara sittin baya, gajere ne mai faɗin kafaɗa, hularsa kullum a karkace saboda rufin motar da ke gogarta. Iyayensa Sarkawa ne, masunta tun kakanni, amma shi ruwa bai karɓe shi ba. Yana saurayi, idan ya shiga jirgi ya yi rabin yini sai cikinsa ya juya, ya dawo gida babu kifi sai jiri. Da mahaifinsa ya gaji, ya ce masa ya hau tudu ya nemi abin yi. Ya tafi Yelwa ya koyi tuƙi, ya daɗe yana jan motocin mutane, har Allah ya ba shi tasa: a-kori-kura fara, wadda tun a lokacin ta riga ta sha wuya a hannun wasu. Mitar da ke ƙirga tafiyarta ta tsaya a kilomita dubu ɗari huɗu da 'yan kai, yau shekara goma sha ɗaya ke nan, motar kuwa ba ta tsaya ba. Matan bakin ruwa suna kiranta Dattijuwa.

Aikinsa guda ne. Kowace ranar kasuwar Yelwa yakan sauka Tungar Tamada, wata tungar masunta a gefen tafkin Kainji ta ɓangaren Ngaski, ya ɗauki kifin matan tungar: banda a kwalaye, busasshen warangi, ƙananan kifin nan, a buhuna, wani lokaci da ɗanyar ƙarfasa a kwando an yayyafa mata ruwa an rufe da ciyawa. Shekara ashirin da biyu yana wannan jigila. Ya san kwalin kowa ba tare da an rubuta suna ba, daga ɗaurin igiya yake ganewa.

To, wanda bai zauna bakin tafkin nan ba bai san halinsa ba. Ruwan ba ya zama wuri guda. Idan ya cika yakan zo har gindin tsamiyar da ke bakin tungar. Idan bazara ta kama sai ya fara ja da baya, yau taku goma gobe ashirin, har ya bar wani fili mai faɗi wanda samansa ya bushe ya tsattsage, ƙarƙashinsa kuwa laka ce mai santsi kamar man shanu. Masunta suna bin ruwan, matan ma suna binsa da bukkokinsu da murhun banda da tukwanensu. Mota kuwa iyakarta tsamiya. Daga bakin ruwa sai a ɗauko kaya a ka, tafiyar da takan kai kilomita guda a tsakiyar bazara.

Dattijuwa tana da cuta biyu. Ta farko, idan ta taka laka, tayar baya guda ɗaya ce ke juyawa kamar mazari tana watsa taɓo, ɗayar kuma ta tsaya cik kamar ba da ita ake ba. Ta biyu, kik ɗinta, abin da ke tayar da inji in an murɗa makulli, ya daɗe da mutuwa. Sau uku ana sa wani, sau uku haƙoran da yake kamawa a jikin inji suna cinye shi, domin su ma sun gutsure. A Yelwa wannan ba ya damun Zaidu, ƙofar gidansa gangare ce, ya saki birki ta gangara ta tashi. A kasuwa kuma ba a rasa masu turawa. A tunga ne ake da dabara. Gindin tsamiya rairayi ne, mota da kaya ba ta turuwa a wurin, kuma ba zai bar inji yana aiki awa biyu ana lodi ba, mai ya ƙone, inji ya yi zafi. Saboda haka idan an gama lodi, sai ya tokare tayoyin gaba da duwatsu, ya ɗaga tayar baya ta dama da jak, ya naɗa mata igiyar jirgi zagaye biyar, ya shiga ya murɗa makulli ya sa giya. Mata bakwai ko takwas su kama igiyar su ruga da ita ta baya. Tayar da ke sama ta juya, ta ƙasa tana zaune abinta, inji ya yi tari biyu ya kama. Sai guɗa, sai dariya, sai wata ta faɗi zaune a rairayi a yi ta mata tsiya har kasuwa ta gaba.

Mai ba da umarnin jan igiyar ita ce Tabawa, uwar matan banda, wadda babu kwalin da ke barin tungar sai da saninta. 'Yar kawun Zaidu ce, taubashiyarsa, saboda haka tun suna yara babu gaisuwar arziki tsakaninsu.

"Ga ragon Sarkawa ya iso," takan ce. "Wanda ruwa ya kora."

"Sannu da aiki, wadda hayaƙi ya gasa. Kin fi kifinki bushewa," shi kuma ya mayar.

A bazarar bara waccan ruwa ya ja baya fiye da yadda aka saba. Samarin da ke taya ɗauko kaya sun watse, wasu suna kabu-kabu a Yelwa, wasu sun tafi haƙar zinariya. Matan da suka rage gwiwoyinsu sun fara ciwo. Wata ranar kasuwa Zaidu yana gindin tsamiya ya hango Yasira, wadda ta girme shi, tana tafe da kwali a ka, tana tsayawa kowane taku ashirin tana mai da numfashi. Zuciyarsa ta ƙi. Ya ce bari ya shiga filin ya rage musu tafiya. Bai kai rabin hanya ba ɓawon ƙasar ya fashe, tayar dama ta nutse ta kama juyi a banza. An tura, an sa itace, an sa tabarma, an haƙa da fartanya. Sai bayan la'asar aka fitar da ita. 'Yan sarin da ke zuwa daga Kontagora da kudu sun riga sun yi lodi sun tafi. Bandar ta jira kasuwa ta gaba, ɗanyar ƙarfasa kuwa ta kumbura, ko banda ba ta yi ba.

Tabawa ta same shi yana kankare laka daga ƙafarsa. Ba ta kira shi rago ba, abin da ya tsorata shi ke nan.

"Ɗan gwaggo, zauna mu yi magana. Rabi'u, yaron nan na tungarmu, ya sa ma jirginshi inji. Ya ce shina iya ɗaukar kayanmu daga bakin ruwa har Yelwa, ba mai ɗora kwali a ka."

"Da kututturan da ke ɓoye cikin ruwan nan in ya ja baya? Ke ba ki jin tsoro?"

"Ina ji. Shi ya sa munka daɗe muna haƙuri da Dattijuwa. Amma wuyan matan nan ya gaji. Bana ta wuce. Baɗi in ruwa ya ja, ko motarka ta zo inda muke, ko mu bi Rabi'u. Ba ni kaɗai na yanke ba."

Zaidu ya ci gaba da kankare lakar ƙafarsa. Jigila ba ta ƙare a duniya ba, zai iya ɗaukar albasa ko shinkafa. Amma ka gane, mutumin nan ruwa ya kore shi tun yana saurayi, motar nan ce ta dawo da shi cikin danginsa. Da ita yake jin wa ya haihu, wa ya rasu, wa ya kama giwar ruwa. Idan kifin Tungar Tamada ya koma jirgi, shi baƙo ne zai koma, mai zuwa gaisuwar salla.

Washegari ya kai kukansa garejin Jalaluddeen, makanikin da ke bayan tashar Yelwa, wanda ya shekara goma yana lallaɓa Dattijuwa. Wani direba mai suna Nura yana nan yana jiran a gyara masa birki, ya tsoma baki tun ba a gama bayani ba.

"Baba Zaidu, abu mai sauƙi. A buɗe tukunyar nan ta bakaksil a yi mata walda, tayoyin biyu su zama ɗaya. Wani a Shanga ya yi, ko cikin fadama shiga yake."

"Ka tambaye shi sau nawa ya karya shaf, sandar da ke juya taya, a kan kwalta," in ji Jalaluddeen. Ya jawo Zaidu bayan motar, suka durƙusa. Ya nuna masa ƙaton ƙarfen da ya ratsa daga taya zuwa taya, wato bakaksil, da tukunyar da ke tsakiyarsa. "Baba, in ka sha kwana, tayar waje ta fi ta ciki tafiya. Tukunyar nan ita ke barin kowace ta yi gudunta. Aikinta ke nan, ba lalacewa ta yi ba. Aibinta guda: duk tayar da ta fi sauƙin juyawa, ita take ba ƙarfi. Ɗaya na kan laka ɗaya na kan tsandauri, sai ta zuba wa ta lakar duka. In munka yi walda, laka kam ka gama da ita, amma da kaya a kan kwalta, ga lanƙwasar hanya goma sha biyu tsakanin Wara da nan, wani abu sai ya karye."

"To mi ya rage?"

"Akwai wata irin tukunya. Turawa na ce mata limitid silif, mu muna cewa mai riƙo. Cikinta akwai wasu faranti na ƙarfe da ke matse juna. A kwana tana sassautawa kaɗan. In taya ɗaya ta fara gudun banza, farantin su riƙe, su ja ɗayar ta taya ta aiki."

"Ashe har ƙarfe ana koya ma kunya," in ji Zaidu.

Samun ta ne aiki. Ba a sayar da irinta a Yelwa, kuma Jalaluddeen ya ce gara a nemi bakaksil ɗin gaba ɗaya daga mota irin Dattijuwa, domin nata ya sha tafiya, boris ɗin da tayoyi ke juyawa a kai na kuka, mai na tsiyaya ta gefen birki. Damina ta zo ta wuce, ruwa ya cika ya dawo gindin tsamiya, aka ci gaba da jan igiya kamar ba a yi wata magana ba. Sai da sanyi ya shigo Jalaluddeen ya kira shi: wani abokinsa a Panteka, kasuwar tsofaffin kayan mota ta Kaduna, ya samu, daga wata motar da ta kife, gabanta ya lalace, bayanta bai ji komai ba. Zaidu ya sayar da albasar da ya noma a 'yar gonarsa, ƙarfen ya iso a bayan wata motar albasa da ta dawo fanko.

Kwana uku Dattijuwa tana kan katako a garejin. Jalaluddeen bai yarda da maganar kowa ba, sai da ya gwada faɗin sabon da na tsohon da igiya, ya duba inda sifirin da ke ɗauke da nauyin mota zai zauna, ya yi alama da alli ya ƙirga sau nawa furofela, ƙarfen da ke kai ƙarfin inji baya, ke juyawa kafin taya ta yi zagaye guda, don kada a sa abin da zai hana tsohon inji hawan tudu. Ya buɗe tukunyar, ya duba farantin, ya ce da sauransu. Ya canza boris da robobin tare mai, ya sa sababbin ƙarafan da ke ɗaure bakaksil da sifirin, ya haɗa bututun birki. Da aka gama, tayoyin baya duka biyu suna sama, ya ce wa Zaidu ya juya ta dama da hannu. Zaidu ya juya. Ta hagu ta bi ta, gefe guda, kamar an ɗaure su.

"Da can in ka juya wagga gaba, waccan baya take yi," in ji Jalaluddeen. "Yanzu inda ɗaya ta nufa, nan ɗayar za ta."

Sai ya shiga gargaɗi. Man giyar da za a zuba ba kowane ba ne, akwai nata, in ba haka ba za ta riƙa gurnani a kwana. Tayoyin baya kuma dole su zama girma ɗaya, in ɗaya ta fi ɗaya farantin za su yi ta gogar juna har su cinye. Zaidu, wanda tunda ya fara tuƙi bai taɓa sayen taya biyu rana ɗaya ba, ya yi salati ya saya.

"Saura kik, Baba. Tunda tana nan, ka bari mu sauke giya mu canza haƙoran nan."

"Ɗaya bayan ɗaya, Injiniya. Albasar ta ƙare."

Jalaluddeen bai matsa ba. Shi a saninsa tura ta ake yi, bai taɓa taka Tungar Tamada ba. Zaidu kuma bai ambaci igiya ba. Ba ɓoyewa ya yi ba. Abin da mutum ya shekara da shekaru yana yi kowane mako, ba ya zuwa masa a rai cewa labari ne.

Bazara ta kama, ruwa ya ja. Ranar da aka sa, bayan sallar asuba Zaidu ya kama hanya, hantsi bai yi ba ya iso tsamiya. Ya tsaya ya dubi filin, ya yi bisimilla, ya sa giya ta biyu ya shiga. Ɓawon ƙasa yana fashewa ƙarƙashinsa. Daidai inda ya kafe bara, ya ji tayar dama ta sulluɓe. Sai ya ji wani ɗan gurnani daga baya, motar ta girgiza, ta hagu ta ciji ƙasa, Dattijuwa ta ja jiki ta wuce. Sau uku haka na faruwa. Bai san yana magana shi kaɗai ba sai da ya ji muryarsa tana cewa, "Haka, haka, 'yar albarka."

Ya isa har bukkoki, inda mota ba ta taɓa zuwa ba. Mata suka fito suna guɗa. Yasira ta dafa ƙofar motar tana sa albarka. Can gefe jirgin Rabi'u yana ɗaure, domin Tabawa ta ce masa ya zo ya jira, ko da za a buƙace shi.

"Yau rago ya kusanci ruwa!" in ji Tabawa. "Ku ba shi lemon tsami kada ya yi muna amai."

"Ki kawo kwalayenki, tsohuwa, kada ki cika ni da surutu."

Ya juya motar ta fuskanci tudu, ya taka birki, hannunsa ya tafi ga makulli kamar yadda ya saba, ya kashe. Ka ji ko? Ya kashe.

Lodi bai ɗauki ko awa guda ba, tunda daga murhu sai mota. Aka ɗaure kaya. Zaidu ya shimfiɗa katakon tsohon jirgi, ya ɗora jak, ya ɗaga tayar dama, ya naɗa igiya zagaye biyar, ya shiga. Tabawa ta jera mata ta ce, "Ku ja!"

Suka ja. Igiya ta miƙe ta yi tauri, taya ba ta motsa ba.

"Ba ku karya kumallo ba ne?" Zaidu ya leƙo ta taga. "Ku ja da ƙarfi mana!"

Suka ƙaro mata huɗu, suka tofa yawu a hannu, suka fizga gaba ɗaya. Motar duka ta yi baya, jak ya sulluɓe, Dattijuwa ta faɗo da wata ƙara, kwalaye biyu suka zubo, mata suka zube kan juna. Wannan karon ba wadda ta yi dariya.

Zaidu ya fito ya tsaya yana kallon tayar. A nan maganar Jalaluddeen ta dawo masa: inda ɗaya ta nufa, nan ɗayar za ta. Tayar da ke sama ba za ta juya ita kaɗai ba kuma, tana jan 'yar'uwarta da ke ƙasa. Cutar da ya kashe albasarsa ya warkar, ashe ita ce ke tayar masa da mota duk shekarun nan. Ga shi yanzu a tsakiyar laka, nesa da tudu fiye da ko yaushe, inda ba mai iya turawa.

Rabi'u ya taho a hankali, ya cire hula ya mayar. Mutum ne mai ladabi, ba ya son a ce ya yi murna.

"Inna Tabawa, rana na yi. In za a juye, yanzu ne. Baba Zaidu, ka yi haƙuri."

Matan suka dubi Tabawa. Tabawa ta dubi Zaidu.

"Ɗan gwaggo, akwai dabara ko babu? Kada ka yi min ƙarya."

"In tayoyin biyu duka suna sama, za su juya tare. Na gani da idona a gareji. Amma jak ɗaya gare ni. Ina son abu biyu gajeru masu ƙarfi da za su ɗauki bayan motar nan."

A filin nan babu dutse, babu kututture, sai laka da tabarmi. Tabawa ta dubi inuwar bukkarta.

"Rabi'u, ka jira. In inuwar nan ta bar bakin murhu mota ba ta tashi ba, kayan naka ne." Ta juya. "Yasira, kawo turminki na yaji." Ita kuma ta shiga bukka ta mirgino nata, gajeren turmi na ƙirya, baƙi wuluk saboda tsufa. Zaidu ya gane shi. Na mahaifiyarta ne, matar kawunsa, a cikinsa aka daka yajin da ya ci yana yaro.

"'Yar kawu, wannan na Inna ne."

"Na san na wa ne. Ɗaga motarka."

Ta sa aka sauke rabin kayan don nauyi ya ragu. Aka shimfiɗa katakai, Zaidu ya ɗaga gefen dama, aka kife turmin Yasira ƙarƙashin bakaksil, ya sauke a kansa. Ya koma hagu ya yi haka da na Tabawa. Turamen suka ɗan nutse, tayoyin suna shafar ƙasa, sai mata suka sa hannu da ƙoƙo suka yashe lakar da ke ƙarƙashinsu. Rabi'u da kansa ya tokare tayoyin gaba da filafilan jirginsa, sa'an nan ya tuɓe riga ya kama bakin igiya.

"Kai kuma wa ya gayyace ka?" in ji Tabawa.

"Inna, in ta tashi na huta da ɗaukar warin warangi."

Ja na farko, tayoyin biyu suka juya tare, inji ya yi tari ya yi shiru. Aka sake naɗawa. Inuwa ta kusa barin murhu. Ja na biyu, ya yi tari uku, ya yi kamar zai mutu, ya kama. Zaidu ya taka kuloci ya cire giya, ya zauna yana jin ƙarar.

Wajen saukewa ne abin ya faru. An cire turmin Yasira lafiya, nauyin ya karkata hagu kafin jak ya kama, sai aka ji ƙas. Da aka zaro turmin Tabawa, ya tsage daga baki har gindi. Ta ɗauke shi ta juya shi a hannu, ta shafa tsagar da yatsa, ta ajiye a bakin bukka.

"Ku mai da kaya," ta ce. "Mi kuke kallo?"

Dattijuwa ta ratsa filin da cikakken lodi, tana gurnani tana cizon ƙasa, ba ta tsaya ba sai kan kwalta. Tabawa na gaba kusa da shi, kamar kowace ranar kasuwa. 

"Zan sa a sassaƙa miki wani," in ji Zaidu.

"Za ka sa. Na ƙirya, ba na banza ba. Amma ba zai zama shi ba." Ta gyara mayafi. "Shekara ashirin da biyu ba ka taɓa ɓatar min da kwali ba. Inna da tana raye, da kanta za ta mirgino shi. Dubi hanya, rago, kada ka kashe mu."

Sun iske 'yan sari suna shirin ɗaure motocinsu, amma sun iske su. Kifin ya shiga. Da za su rabu da yamma Tabawa ta ce masa kasuwa mai zuwa ya zo da wuri, kuma ya zo har bukka. Maganar jirgi ba ta sake tashi ba.

Da Jalaluddeen ya ji labarin igiya, ya riƙe kai ya yi ta dariya har da hawaye, ya ce da ya sani da bai bar motar ta fita garejinsa ba. Bai huta ba sai da ya samo kik da haƙoransa masu kyau, ya ce aikin yini ɗaya ne. Zaidu ya karɓa ya yi godiya, ya naɗe su cikin buhu ya tura bayan kujera. A maimakon haka ya sa aka yanka masa gungume biyu daidai tsayin turmi, yana yawo da su a bayan mota. Turmin da ya tsage kuwa maƙeri ya ɗaure shi da ƙarfe, Tabawa na zuba gishiri a ciki.

Har yanzu kowace ranar kasuwa, in an gama lodi a bakin ruwa, za ka ga an ɗora Dattijuwa kan gungume biyu, mata sun jeru da igiya, Tabawa na zagin Zaidu, Zaidu na leƙowa ta taga yana ramawa. Yasira ba ta iya ja kuma, amma takan riƙe ƙarshen igiyar don kada a ce ba da ita aka yi ba. Jalaluddeen yana cewa wauta ce, wata rana igiya za ta tsinke wata ta karye. Yana da gaskiya. Zaidu yana cewa in ruwa ya dawo gindin tsamiya zai kawo motar a sa kik ɗin. Ruwa ya dawo, ya fara ja kuma, buhun na nan bayan kujera.

Na tambaye shi dalili sau ɗaya. Ya dubi tafkin, ya ce ranar da ya murɗa makulli mota ta tashi da kanta, zai zo ya yi lodi ya tafi, ba mai fitowa daga bukka.

To kai da ka zauna ka ji, da kai ne Zaidu, gobe za ka kai ta wurin Jalaluddeen, ko za ka ƙara barin buhun nan a bayan kujera?